Kalmomin da Na Koya wa Barista

Litinin, da yamma

Mun dawo da shi gida. Auta ta tallafe shi ta dama, ɓangaren da ya daina jin magana, ni na kama hagu, sandar asibiti tana gaba tana ƙwanƙwasa siminti. Ɗakin baƙi muka gyara masa, don ya fi kusa da banɗaki kuma babu matakala.

Mijina lauya ne. Kowa Barista yake ce masa, har ni, har 'yar tasa in tana jin tsokana. Mutum ne da alƙalai suke roƙo ya taƙaita. Amma tun ranar da na same shi kwance a ƙasa kusa da teburin guga, abu ɗaya ne yake fita daga bakinsa: "Ya mai shari'a." Ya faɗa wa likita, ya faɗa wa mai goge ƙasa a asibiti, ɗazu da na cire masa takalmi ya faɗa mini. Auta ta ce, "Mama, an yi miki ƙarin girma." Muka yi dariya, sai ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Likitoci suna da sunan da suke kiran abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Laraba, da hantsi

Mun je wurin likitar magana. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ta ce yana jinmu, yana gane mafi yawan abin da ake faɗa, kalmomin suna nan a ciki, ƙofar fita ce ta cije. Ta ce kada mu dogara da gyaɗa kansa, don yanzu ko me aka tambaye shi gyaɗawa yake yi. Ta gwada a gabana. Ta ce, "Baba, yau a jirgin sama ka zo?" Ya gyaɗa. Raina ya ɓaci, ban nuna ba.

Sannan ta ce, "Mama, ku fara da kalmomin da ya fi amfani da su kullum." Ta miƙo mini katuna masu hoton kofi, cokali, gado, famfo.

Na karɓa na jefa a jaka. Ni malamar firamare ce, na san katin 'yan aji ɗaya in na gan shi. Mutumin da ya sha tsayawa gaban kotun ɗaukaka ƙara za a nuna wa hoton cokali? Kalmomin da ya fi amfani da su ai ba a gidan nan suke ba. A gida "ina tabarauna" ne da "na makara". Sauran duk a ofis yake zubar da su.

Juma'a, da rana

Na je ofis. Na daɗe rabona da wurin. Hawa na biyu, saman kantin magani, da allon nan na tagulla a bakin ƙofa: sunansa a sama, na Dogo a ƙasa. Dogo abokin aikinsa ne tun suna makarantar lauyoyi, tare suka buɗe ofishin da teburi ɗaya na aro.

Ɗakinsa yana nan yadda ya bar shi. Fayiloli ɗaure da igiya har kan taga, baƙar rigar kotu rataye a bayan ƙofa, kofin shayi ya bushe da zobe a ciki. Sakatariya, tsohuwar ma'aikaciyarsu, ta ce ta hana kowa wanke kofin.

Dogo ya zaunar da ni, ya yi ta kewaye-kewaye irin nasu. Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce yanzu kotu tana hutu, amma in an dawo dole a raba shari'o'in Barista ga yaran ofis. Kuma a yarjejeniyar da suka sa wa hannu, wanda ya kasa tsayawa a kotu sunansa ba ya zama a allo.

"Shi da kansa ya rubuta wurin, Malama. Ni har gardama na yi da shi."

Na ce, "To a ba shi dama. Ko ɓarawo kuna ba shi damar kare kansa."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce abu mafi sauƙi da lauya yake yi shi ne neman a ɗage shari'a, sabon lauya ma shi ake aika ranar farko. In kafin ƙarshen hutu Barista ya iya tsayawa a ɗakin taro ya nemi ɗagewa, to allo ya zauna yadda yake. Ya ƙara da cewa, "Amma ni da za ki ji shawarata, da kin bar shi ya huta."

Ban ji ba. Na san mijina. Ranar da aka kwance sunan nan, ranar ce zai juya wa bango fuska.

Asabar, da safe

Na sayo farin kwali da jar maka.

Litinin, bayan tashi daga makaranta

Sakatariya ta zauna da ni a kan bencin masu jira, tana faɗa ina rubutawa kamar ɗaliba. Mai ƙara shi ne wanda ya kawo kuka. Wanda ake ƙara shi ne wanda aka kawo kuka a kansa. In laifi ne, sai a ce wanda ake tuhuma. Sammaci takarda ce da kotu take cewa zo, ba ta cewa don Allah. Beli, a sake ka ka kwana gida, wani ya tsaya maka. Takardar rantsuwa, ka rubuta maganarka ka rantse a kai. Hurumi, ko kotun tana da ikon sa baki a maganar tun farko. Sulhu, a sasanta ba tare da alƙali ya yanke hukunci ba.

Ta ce, "Yallaɓai ya fi son sulhu. Kullum yana cewa wanda ya ci shari'a ma da rauni yake komawa gida."

Na ce ashe. A gida dai ban taɓa cin gardama a kansa ba, balle a kai ga sulhu. Ta yi dariya, ta kama hannuna ta matse.

Duk shekarun nan ina jin kalmomin nan ta waya, ta bayan ƙofa, a kan abinci yana sanyi. Kishinsu nake yi. Yau ga ni ina yanka musu kwali.

Laraba, da yamma

Na manna katuna ko'ina a ɗakinsa da falo. Auta ta ɗauki na "hurumi" ta liƙa a ƙofar kicin, wai nan ne Baba bai taɓa samunsa ba.

Muna zama da safe kafin in tafi aiki, da yamma in na dawo. Ina ɗaga kati, in faɗa, in jira. Leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa tana tashi. Yawanci "Ya mai shari'a" ne yake fitowa.

Juma'a, da safe

"Beli." Ya ce beli! Sau biyu.

Juma'a, da yamma

Na kira Sakatariya na faɗa mata, ta yi guɗa a waya. Na kira Dogo, ya ce madalla, ya tambayi yadda ƙafar take. Wa yake maganar ƙafa?

Lahadi, da rana

Sammaci. Shaida. Hujja. "Ɗaukaka ƙara" ta ƙi, ta yi masa tsawo.

Mun yi faɗa da Auta. Ta ce yau kwana nawa ba mu koma wurin likitar magana ba, matar har ta kira ta. Na ce ina da abin da ya fi hoton famfo.

Ta ce, "Mama, ba jarrabawar fita firamare ba ce."

Na ce, "Ke me kika sani? Ubanki ba ya rayuwa sai da ofishin nan."

"Kin tambaye shi?"

Na juya na tambaye shi a gabanta. "Barista, kana so ka koma ofis?" Ya gyaɗa kai. Na ce kin gani. Ta dube ni kawai, ta kwashe kwanuka.

Talata, da safe

Na gaji. Yau a aji na ce wa wani yaro wanda ake tuhuma ya tashi tsaye.

Alhamis, da yamma

Ya share katunan daga kan tebur da hannun hagu, duka, har da kofin da ke gefe. Ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na goge waɗanda suka jiƙe. Na ce masa na sani, haushin kanka kake ji, amma sannu ba ta hana zuwa. Na ce, "Mu ci gaba?" Ya gyaɗa.

Da na gama na zauna kusa da shi na riƙe hannun daman. Yana da ɗumi kamar kullum, yatsan da biro ya yi wa kanta yana nan da kantarsa. Ina kewarsa. Yana zaune kusa da ni ina kewarsa. Ko "ina tabarauna" ne da zan samu yau, da na karɓa hannu biyu.

Asabar, da hantsi

Dogo ya rubuto mana abin da zai faɗa, gajere:

"Ya mai shari'a, ni ne lauyan wanda ake ƙara. Muna roƙon kotu ta ɗage zama, domin shaidanmu bai samu zuwa ba."

Farkon dama yana da shi kyauta. Sauran na raba shi gida-gida kamar yadda nake raba wa yara waƙar haddace watanni. Na gano in na sa masa ɗan kari yana buga sanda a ƙasa, maganar tana bin bugun.

Litinin, da safe

Har "wanda ake ƙara".

Laraba, da yamma

Har "ɗage zama". Ya yi gumi, riga ta jiƙe sharkaf. Ban bari ya kwanta ba sai da ya maimaita.

Auta ba ta shigowa ɗakin in muna yi. Ita ce mai yanke masa farce da aske masa gemu, a nan ne kawai nake jin ɗakin ya yi shiru.

Asabar, da rana

Duka! Daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Na rungume shi. Bai rungume ni ba, amma hannu ɗaya gare shi, kuma yana riƙe da sanda.

Na kira Dogo na ce Litinin. Na ce kuma ya tara yaran ofis duka, ƙanana da manya, su zo su ga maigidansu da idonsu, gani ya kori ji. Ya ce, "Malama, mu uku ma mun isa." Na ce a'a, kowa da kowa.

Lahadi, da yamma

Na aika an karɓo baƙar rigar na goge ta. Na sayo zuma saboda murya.

Litinin

Ba yau ba.

Talata, da rana

Ban je makaranta ba. Ya ƙi cin abinci. Rigar tana kan igiya a bayan gida, ba ta bushe ba tukuna.

Laraba, da hantsi

Bari in rubuta, ko zai bar ƙirjina.

Da safen Litinin ɗin na ga muryarsa ta ɗan dushe, na haɗa masa shayi da zuma. Ya sha kofi guda, na ƙara, na sake ƙarawa, na zuba saura a filas muka tafi da shi. Hanya ta cushe, muka daɗe a mota, ina ba shi yana kurɓa muna maimaitawa. Matakalar ofis ta ci mu lokaci, Auta ta dama ni ta hagu.

A baranda, muna sa masa riga, ya kama hannun rigata ya ja. Yana duban ƙarshen barandar. Ya ce, "Sammaci." Na ce ba wannan ba, "Ya mai shari'a" za ka fara. Ya sake ja da ƙarfi. "Sammaci. Beli. Beli." Idonsa ya yi ja. Na ce tsoro ne, kowane ɗalibi yana yin haka a ƙofar ɗakin jarrabawa. Auta ta ce, "Mama, tsaya, kamar wani abu yake so." Na ce ana jiranmu. Na gyara masa wuyan riga na tura ƙofa.

Banɗaki ne a ƙarshen barandar. A gida ƙofar banɗaki kullum a buɗe take, taku kaɗan daga gadonsa. Da sandarsa yake zuwa, bai taɓa bukatar ya tambayi kowa ba. Shi ya sa ban taɓa lura ba shi da kalmar ba.

Dogo ya zauna a kan tebur a matsayin alƙali. Sakatariya ta zama magatakarda, ta kira shari'a. Yaran ofis sun jeru a jikin bango, har da waɗanda shi ya koya wa ɗaure fayil. Barista ya miƙe. Ya buga sanda. Ya faɗe ta duka, da muryar nan tasa ta da, wadda take cika ɗaki. Ban taɓa jin ya faɗe ta da kyau haka ba.

Aka fara tafi. Sai tafin ya mutu daga gaba zuwa baya.

Dogo ne ya fara motsi. Ya buga tebur ya ce, "Kotu ta tashi. Kowa ya fita." Ba wanda ya dubi wani. Sakatariya ta fita ta dawo da bokiti, ta rufe ƙofa da ƙafa. Barista yana tsaye inda yake, bai dubi ƙasa ba, bai dubi Dogo ba. Ni yake kallo.

Dogo ya kai mu gida da motarsa. Ya shimfiɗa kwat ɗinsa a kujerar baya kamar dama can wurin ajiye ta ke nan.

Alhamis, da yamma

Ko "Ya mai shari'a" ya daina.

Juma'a, da safe

Dogo ya kira. Ya ce Barista ya cika sharaɗi, ya tsaya ya nemi ɗagewa, allo yana nan yadda yake, kuma ya ja wa yara kunne. Na yi godiya. Na samu abin da na nema. Na ajiye waya na shiga kicin na kunna famfo don kada Auta ta ji ni.

Asabar, da rana

Na cire katunan duka. Fenti ya biyo wasu. Garin neman gira na rasa ido.

Auta ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Litinin, da yamma

Likitar magana ta zo har gida, Auta ce ta roƙe ta. Na zaci za ta yi mini faɗa, na shirya karɓa. Ba ta yi ba. Na zaro katunanta daga ƙasan jaka, sun lanƙwashe, na ce da wanne za mu fara, famfo ko gado.

Ta ce, "Ba ko ɗaya ba, Mama. Da 'a'a' za mu fara. Mutum in ba shi da ita, kowa sai ya yi yadda ya so da shi, har masu ƙaunarsa."

Ta zauna a gabansa ta miƙa masa takalmi ta ce, "Baba, ci." Ta ture da kanta, ta ce a'a. Ta miƙa masa sabulu ta ce sha. A'a. Ya daɗe yana kallonta. Ban sani ba ko dariya ce ta so zuwa a gefen bakin da yake motsi.

Ta ce "i" za ta zo daga baya, ita ma sai an koya, kada mu yi gaggawa. Ta ce in ya fara faɗa, mu gwada shi da abin da muka san yana so, mu ga ko yana bambancewa.

Laraba, da safe

Auta ce take yi da shi. Ni ina tsayawa a bakin ƙofa.

Asabar, da hantsi

Kalmar ta fito. Auta ta miƙa masa soso ta ce ci, ya ce, "A'a." Ƙarama, a shaƙe, amma tasa ce, ba wanda ya buga masa sanda. Ta miƙa lemo, bai ce a'a ba, ya karɓa. Ta miƙa ashana, a'a. Yana bambancewa.

Lahadi, da yamma

Na shiga na zauna a bakin gado, Auta ta ba mu wuri. Na ce, "Barista, zan tambaye ka, ka amsa yadda kake so."

Na ce, "Za ka koma ofis?"

"A'a."

"A bar sunanka a allo?"

Ya ɗan jima. "A'a."

"Dama tun farko kana son komawa?"

"A'a."

Na ce, "In dawo in ci gaba da koya maka magana, ni da kaina?"

"A'a." Wannan ba ta ɗauke shi lokaci ba.

Na ce to. Na gyara masa matashi, na fito na kira Dogo na ce gobe ya nemo mai kwance allo. Ya ce shi zai kwance da hannunsa.

Akwai tambaya guda da ta rage. Ta zo har bakina, na mayar. Shi ya koya mini, ta bayan ƙofa, cewa ba a yi wa shaida tambayar da ba zai iya amsawa ta kowane ɓangare ba. Yanzu "a'a" kaɗai gare shi. Zan jira sai ya iya "i", sannan in tambaye shi ko ya yafe mini, ya zaɓa da kansa.